Yadda Ake Zaɓar Rumfar Filin Bayan Gida: Doguwa Mai Kusurwa Huɗu ko Zagayayya Mai Takwas

Rumfa iri biyu aka fi ginawa a filin bayan gida. Akwai buɗaɗɗiya mai kusurwa huɗu, wadda masu zanen gini ke kira fabiliyan: ginshiƙai huɗu ko shida, rufi a sama, daɓe a ƙasa, ba bango ba shinge, ta ko'ina a shiga a fita. Akwai kuma gazibo, ƙarama mai kusurwa shida ko takwas, rufinta ya haɗe a ƙololuwa guda, galibi an ɗaga daɓenta an zagaye ta da shinge an bar ƙofa ɗaya. Don sauƙi, ta farko za mu riƙa ce mata doguwar rumfa, ta biyu zagayayya.

Yawancin masu gida da ido suke zaɓa. Zagayayya ta fi kyau a hoto, sai a ce ita ake so, sai an gama a kawo teburi ya ƙi zama a ciki. Matakan da ke ƙasa daga awo suka fara, saboda igiya da turke sun fi araha a gyara kan kankare da katako.

Kayan aiki

Na awo da shata fili: tef mai tsawon mita 8 zuwa 10, igiya marar miƙewa, turaku akalla goma sha biyu, guduma, sukwaya, ma'aunin daidaito mai kumfar ruwa, alli ko garin farar ƙasa. In babu ma'aunin daidaito mai tsawo, tiyo fari wanda ake ganin cikinsa ya wadatar. Cika shi da ruwa, ka fitar da iskar ciki. Duk inda ka kai bakinsa biyu, ruwan a tsayi ɗaya zai tsaya.

Na haƙa da kwaɓa: diga, shebur, baro, bokitin awo guda ɗaya wanda ba za a sauya ba har a gama.

Na kafinta: zarto, injin huda, tsani biyu, matsai masu riƙe katako, almakashin kwano. Ga zagayayya ana son injin yanka mai juyawa zuwa kusurwar da ake so. In babu shi, akwai dabara a mataki na 8.

Kayan gini: ginshiƙan katako masu kaurin santimita 15 da 15, ko bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu na santimita 10 mai kaurin milimita 3, katakon ɗaukar kaya na santimita 5 da 20, rafta (katakon da ke gangarowa daga saman rufi zuwa gefe) 5 da 15, ƙananan katako 5 da 5 ko 5 da 7.5 waɗanda ake buga kwano a kansu. Takalman ƙarfe na gindin ginshiƙi. Ƙusoshi masu noti na milimita 12. Ƙarafan ɗaure rafta. Siminti, yashi, tsakuwa. Kwanon rufi da sukurorinsa masu roba. Maganin gara da fenti.

Gargaɗi tun kafin a saya: katakon da aka dafa da magani yana ɗauke da sinadarin tagulla, shi kuwa yana cin ƙusar ƙarfe ta gama-gari. Ka nemi ƙusa da noti da aka tsoma a tutiya, ko na ƙarfen da ba ya tsatsa. Guntayen irin wannan katako kuma ba a ƙona su, hayaƙinsu guba ne.

Mataki na 1: Rubuta abin da za a riƙa yi a ciki

Ɗauki takarda ka rubuta mutum nawa za su zauna a rana ta yau da kullum, ba ranar biki ba, da kayan da za su kwana a ciki: teburi, kujeru, shimfiɗa, lilo, wurin girki. Sannan ka yi lissafi da waɗannan ƙa'idoji biyu: kowane mai zama a teburi yana buƙatar faɗin santimita 60, kuma a bar santimita 90 daga bakin teburi zuwa duk abin da ke bayansa, don a ja kujera a tashi.

Teburin mutum shida mai faɗin 90 da tsawon 180 ke nan yana cin fili mita 2.7 da 3.6. A doguwar rumfa mai mita 3.6 da 4.8 zai zauna har ya bar wurin wucewa. A zagayayya mai kusurwa takwas wadda faɗinta mita 3.6 ne ba zai zauna ba, duk da lambar ta yi kama, domin an yanke kusurwoyin. Kowane gefe nata mita 1.49 ne kacal, filinta duka murabba'in mita 10.7, alhali doguwar tana da 17.3. Abin da ke dacewa da zagayayya shi ne teburi mai da'ira, faɗinsa bai wuce mita 1.2 ba, ko benci da ya bi shinge ya zagaya ana fuskantar juna.

Daga nan ma rabin hukuncin ya fito. Cin abinci na iyali babba, taro, girki, wurin wasan yara, duk na doguwa ne. Zaman mutum biyu zuwa biyar, karatu, hira, kallon lambu, na zagayayya ne. Girki musamman bai dace da zagayayya ba: rufinta mai tattara hayaƙi ne, shingen katako yana daf da wuta, ƙofa kuma ɗaya ce. Ko a doguwar, murhu can gefe ake sa shi ta inda iska ke fita, kuma ba a sauke labule a rufe ta alhali gawayi na ci, saboda iskar da yake fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa.

Mataki na 2: Shata su biyun a ƙasa

Wannan shi ne matakin da ake tsallakewa, kuma shi ya fi kowanne amfani. Ka kafa turaku ka ja igiya a kan girman da kake tunani, ka shigo da kujerun gaske ka jera, ka bar su kwana biyu ko uku.

Shata doguwa: ja layi ɗaya mai mita 4.8. Daga ƙarshensa ja na biyu mai mita 3.6. In kusurwar ta miƙe daidai, tsakanin bakin layukan biyu zai zama mita 6 cif. Wannan ita ce tsohuwar dabarar 3-4-5, an dai ninka ta da 1.2. Kafa turke na huɗu, sannan ka auna daga kusurwa zuwa kusurwa a gicciye, biyun dole su zo ɗaya. Bambancin da ya wuce santimita 1 a gyara shi yanzu, in ba haka ba a rufi zai bayyana, kwano ya riƙa fita a karkace.

Shata mai takwas: fara da murabba'i mai gefe huɗu daidai, a ce mita 3.6. Daga kowace kusurwa auna mita 1.05 ta dama da ta hagu ka kafa turke. Turaku takwas ke nan, tsakaninsu 1.49. Ga kowane girma, ninka faɗin da 0.293 ka sami abin da za ka yanke daga kusurwa, ka ninka da 0.414 ka sami tsawon gefe. In lissafi ya dame ka, auna rabin layin gicciye na murabba'in da igiya, ka ɗora wannan tsawon daga kowace kusurwa a kan gefe. Inda ya tsaya nan ne turke.

Mai shida ta fi duka sauƙi: turke a tsakiya, igiya, ka zana da'ira, sannan da tsawon igiyar nan ka riƙa takawa a bakin da'irar. Sau shida za ka dawo inda ka fara.

Yayin da igiyoyin ke ƙasa, duba abu huɗu. Rana: ina take bugawa da la'asar, lokacin da ta yi ƙasa ta shigo ta ƙarƙashin rufi? Doguwa in aka miƙar da tsawonta gabas da yamma, gajeren gefe ne ke fuskantar ranar yamma, ɓangaren gabas ya zauna cikin inuwa. Zagayayya ba ta da wannan zaɓi, sai dai a toshe gefe biyu ko uku na yamma da saƙar katako. Ruwa: ina yake kwanciya bayan an yi sama? Kada a gina nan. Hanya: taku nawa daga ƙofar ɗakin girki, ɗauke da tire? Doguwa kusa da gida take so, zagayayya tana jure nisa, har ta fi kyau a can ƙarshen lambu inda ake hango ta. Bishiya: saiwa tana ɗaga daɓe, ganye yana toshe magudana, reshe yana faɗowa.

Mataki na 3: Izini, iyaka da abin da ke binne

Kafin diga ta taɓa ƙasa, tambayi hukumar tsara gine-gine ta inda kake. Ƙa'idoji sun bambanta ƙwarai. A Ingila, ginin da aka yi a filin gida da ke cikin mita 2 daga iyakar fili ba ya wuce tsayin mita 2.5 sai da izinin musamman, kuma wannan kaɗai yana iya kashe zancen zagayayya mai dogon ƙololuwa a kusa da katanga. A Amurka, ƙa'idar gidajen zama da jihohi da yawa ke bi ta yafe izini ga ƙananan gine-gine irin su ɗakin ajiya da ba su wuce murabba'in ƙafa 200 ba, wato kusan murabba'in mita 18.6, amma garuruwa da dama sun rage zuwa 120. Abin lura a ko'ina: doguwa ce ta fi saurin ƙetare iyakar girma, zagayayya kuma iyakar tsayi.

Gano inda bututun ruwa, wayar lantarki da ramin bayan gida suke. Kada a ɗora ginshiƙi kan ko ɗaya. Sannan ka tabbata ruwan rufinka ba zai zuba a filin maƙwabci ba.

Mataki na 4: Auna ƙarfin hannunka da aljihunka

A kan kowane murabba'in mita, zagayayya ta fi cin aiki da kaya. Ramuka takwas maimakon shida ko huɗu, haɗin kusurwa takwas, doron rufi takwas da kowanne sai an rufe shi, ga shinge ga matakala. Kwanon rufinta kuma yanka shi ake yi mai kusurwa uku, guntun da ya fita ba kasafai yake shiga wani gefen ba, don haka ka ƙara kusan kashi ɗaya cikin uku a kan lissafin kwano. A doguwa kashi ɗaya cikin goma ya isa.

Doguwa ita ma tana da nata wuyar: katakonta manya ne masu nauyi, ba aikin mutum ɗaya ba, kuma faɗin rufinta yana kama iska sosai.

Wanda bai taɓa kafa rufi ba, doguwa mai rufi mai gangara biyu ya kamata ya fara da ita. In zuciyarsa na kan zagayayya, ya ɗauki mai shida, ko mai huɗu daidai da rufi mai ƙololuwa, ya sa mata shinge. Kamannin na nan, wahalar ta ragu. Akwai kuma waɗanda ake sayarwa an riga an yanka, haɗawa kawai. Ga mai takwas wannan ba abin kunya ba ne, amma harsashi da ɗauri har yanzu naka ne, kuma ƙananan ƙusoshin ƙasa da ke zuwa cikin kwalin ba sa riƙe komai ranar guguwa.

Mataki na 5: Ramuka da harsashi

Kowane ginshiƙi da raminsa: faɗi santimita 45 da 45, zurfi 75, ko har ka tarar da ƙasa mai tauri wadda ba cikowa ba ce. A ƙasashen da ƙasa ke daskarewa, dole ramin ya wuce zurfin daskarewar, in ba haka ba sanyi zai ɗaga shi. Hukumar gini ta wurin ta san adadin. A ƙasa mai yumɓu da ke kumbura da damina ta tsage da rani, ƙara zurfi zuwa mita 1.

Zuba tsakuwa santimita 10 a ƙasan ramin ka daddage. Kwaɓa kankare bokiti 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. Rami irin wannan yana cin kusan buhu ɗaya mai kilo 50, ke nan shida ga doguwa, takwas ga zagayayya. Kada ruwa ya yi yawa. Kwaɓin da ke gudu da kansa daga shebur ya yi ruwa, kuma ƙarfinsa ya tafi. A soka shi da sanda don iska ta fita.

Tun kankaren yana ɗanye a dasa ƙusar noti ko takalmin ƙarfe, a mayar da igiyoyi a tabbatar kowanne yana kan mahaɗarsu. Saman dukkan harsasan su zo tsayi ɗaya da tiyon ruwa, kuma su ɗara ƙasa da santimita 5 zuwa 10. A riƙa yayyafa ruwa kwana 7. Cikakken ƙarfinsa sai kwana 28, amma bayan mako guda ana iya ɗora ginshiƙi.

Kuskuren da ya fi kashe rumfa: binne gindin katako a cikin kankare. Katako yana motsewa in ya bushe, ruwa ya shiga tsakani ya kwanta, ruɓa da gara su fara daga inda ido ba ya gani. Takalmin ƙarfe yana ɗaga ginshiƙin santimita 2.5 daga kankare, gindin ya riƙa shan iska. In ba a samu na sayarwa ba, mai walda zai lanƙwasa farantin ƙarfe mai kaurin milimita 5 ko 6, ya haɗa masa rodi a ƙasa, a huda ramuka biyu na noti, a yi masa fentin hana tsatsa kafin a dasa.

Mataki na 6: Daɓe

Doguwa daɓen siminti ko jeren duwatsun shimfiɗa ya fi dacewa da ita. A kwashe ƙasar sama mai ciyawa, a zuba tsakuwa santimita 10 a daddage, kankare santimita 10 a kai. Mai 3.6 da 4.8 tana cin kusan buhu 11. A ba shi gangara ta santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, zuwa inda ba gida ba. Daɓen da aka yi shi shafe-shafe ba gangara, ruwa zai kwanta a tsakiyarsa daidai ƙarƙashin teburi.

Zagayayya ana iya yi mata haka, kusan buhu 7, ko a ɗaga ta da katako. In katako ne, a jera masu ɗaukar daɓe 5 da 15 da tazarar santimita 40, a bar milimita 5 tsakanin alluna don ruwa ya zube, a bar ƙarƙashi a buɗe iska na ratsawa. Hanya mafi sauƙi ita ce a shimfiɗa allunan a miƙe gefe zuwa gefe. Zanen da ke bin zagaye, zobe cikin zobe, yana da kyau matuƙa, amma kowane allo yanka biyu ne a karkace, kuma kuskuren rabin digiri sau takwas zai taru a haɗi na ƙarshe.

In za a kai lantarki, yanzu ne lokacin binne bututun waya, zurfin santimita 45 zuwa 60, ya fito a gindin ginshiƙi ɗaya. Haɗin kuwa na ƙwararren mai lantarki ne, da makunnin da ke yanke wuta da kansa in ta zubo.

Mataki na 7: Ginshiƙai da katakon sama

Tsayin da za a bari ƙarƙashin katakon sama mita 2.3 zuwa 2.4 ne a doguwa. In za a rataya fanka, fikafikanta kada su yi ƙasa da mita 2.1 daga daɓe. A zagayayya gara a sauko zuwa 2.1 ko 2.2, ga dalili: ruwan da iska ta karkatar da shi rabi da rabi, wato digiri 45, yana shigowa ciki gwargwadon tsayin bakin rufi. Baki mai tsayin 2.4 da lebe, wato rufin da ya zarce ginshiƙi, mai fita santimita 45 yana barin feshi ya shigo kusan mita 2. A rumfa mai faɗin mita 3 wannan ya wuce tsakiya. Ƙaramar rumfa mai dogayen ƙafafu inuwar tsakar rana kaɗai take bayarwa.

Tayar da ginshiƙi ɗaya-ɗaya, ka duba miƙewarsa ta fuska biyu, ka tokare shi da katako biyu na wucin gadi zuwa turaku. Kada ka yanke kawunansu tun a ƙasa da zaton harsasai sun zo ɗaya. Tayar da su duka, ka ɗauki tsayi da tiyo, ka sa alama, sannan ka yanke. Duk inda aka yanka katako mai magani, a shafa masa magani a bakin.

A doguwa mai mita 4.8, ginshiƙai shida sun raba tazarar zuwa 2.4, katako biyu 5 da 20 da aka haɗe suna ɗauka lafiya ƙarƙashin rufin kwano. Mai son huɗu kawai don fili ya buɗe, ya san tazarar 4.8 ta wuce wannan katako. Sai ƙarfe ko katako mai zurfi sosai, kuma injiniya ya faɗi girman. Haka ma duk inda dusar ƙanƙara ke taruwa a rufi. Katakon ya zauna a kan ginshiƙi ko a cikin gurbin da aka sassaƙa masa, noti biyu su riƙe. Manna shi a gefe da ƙusa kawai yana nufin nauyin rufin duka a kan ƙusoshi yake.

Sai tokara. Rumfa ba ta da bango da zai hana ta rangaji, don haka kowane ginshiƙi yana buƙatar guntun katako mai tsawon santimita 60 zuwa 90 a karkace tsakaninsa da katakon sama, ta kowace fuska, da noti ba ƙusa ba. A zagayayya shinge yana taimakawa, amma bai maye gurbin tokara ba. Gwaji: kafin rufi ya hau, tura ginshiƙi ɗaya da kafaɗa. In kan ginin ya motsa, ƙara tokara.

Mataki na 8: Rufi

Nan ne rumfunan biyu suka rabu da gaske.

Na doguwa: ɗauki gangarar 1 cikin 3. Rabin faɗi mita 1.8, tashi santimita 60, tsawon rafta daga doro zuwa katakon gefe mita 1.9, da lebe mai fita santimita 45 ya zama kusan 2.4. Da tazarar santimita 60, tagwaye tara ne, da ƙarin biyu in ana son lebe a gaba da baya. Yanka ɗaya, gwada ta a ɓangarorin biyu, in ta zauna ta zama abin kwaikwayo ga sauran. Kowace rafta a yi mata ɗan gurbi inda za ta hau katako, kada zurfinsa ya wuce kashi ɗaya cikin uku na faɗinta.

Rufi mai gangara biyu kullum yana tura gefunan waje. Abin da ke hana shi buɗewa shi ne katakon gicciye da ya ɗaure gindin raftoci daga gefe zuwa gefe, tazararsu kada ta wuce mita 1.2. Wanda ya cire su don sama ta yi kyau, doro zai lotsa a tsakiya, ginshiƙai su buɗe. In ba a son ganinsu da yawa, sai a sa katakon doro mai kauri wanda gajerun ginshiƙai suka tallafe daga kan manyan gicciye uku.

Na zagayayya: raftoci takwas suna tashi daga kusurwoyi su haɗu a wani guntun katako mai fuska takwas a ƙololuwa. Ga mai faɗin 3.6, daga tsakiya zuwa kusurwa mita 1.95 ne, in tashi santimita 90 ne, raftar kusurwa ta kai mita 2.15 kafin a cire rabin kaurin guntun tsakiya a ƙara lebe. Katakan zoben sama, waɗanda suka zagaye kawunan ginshiƙai, ana yanka bakinsu a digiri 22.5 ga mai takwas, 30 ga mai shida. In babu injin da ke juyawa, zana siffar zoben da girmanta na gaske a kan daɓe da alli, ɗora katako a kan zanen ka kwafi layin, sannan ka yanka falle ɗaya na katako siriri ya zama ma'auninka.

Haɗa raftoci biyu masu fuskantar juna da guntun tsakiya a ƙasa, a ɗaga su tare, a tallafe tsakiyar da dogon katako na wucin gadi, sannan a sa sauran biyu-biyu, kullum masu fuskantar juna. In ka bi su a jere ta gefe ɗaya, ƙololuwa za ta goce. A nan zoben sama shi ke riƙe turin rufin, don haka kowace kusurwa a ɗaure ta da lanƙwasasshen farantin ƙarfe da noti. Haɗin baki da baki da ƙusa biyu zai buɗe a hankali. Ƙaramar hular iska a ƙololuwa, mai raga, tana fitar da zafi. Ba ado ba ce kawai.

Ga duka biyun: iska ba danna rumfa take ba, ɗaga ta take, kamar lema a hannu ranar hadari. Saboda haka ɗauri ya zama sarƙa ɗaya: kwano da ƙananan katako, su da rafta, rafta da katakon sama ta ƙarfen ɗauri a kowace guda, katakon sama da ginshiƙi, ginshiƙi da kankare. Inda aka bar gurbi ɗaya, nan zai tsinke.

Ƙananan katakon kwano a jera su da tazarar santimita 60 zuwa 90. A fara ɗora kwano daga ɓangaren da iska ba ta fitowa, don bakin haɗi ya juya mata baya. Hawan kwano kan kwano ta gefe tudu ɗaya da rabi, hawan tsawo santimita 15 zuwa 20. Sukuru a matse shi har robar ta zauna, ba har ta fashe ba, kuma a ƙara yawansu a baki da doro. A share ɓarɓashin ƙarfe daga kan kwano a ranar, in ya kwana zai bar tabon tsatsa. Kwano tsirara yana zubo zafi kan masu zama. Silin katako ko shimfiɗar hana zafi a ƙarƙashinsa yana rage shi, yana rage ƙarar ruwa ma.

Mataki na 9: Ruwan rufi, shinge da fenti

Kowace milimita ta ruwan sama a kan murabba'in mita lita ɗaya ce. Rufin doguwar nan da lebensa ya kai murabba'in mita 25 da ɗoriya, ruwan milimita 25 ke nan ya haura lita 600, duk a layi biyu. Magudana biyu miƙaƙƙu da bututu zuwa tanki ko lambatu sun magance shi. A zagayayya magudana mai haɗi takwas ɗiga take yi. Ya fi sauƙi a haƙa ɗan rami mai faɗin santimita 40 a zagaye daidai inda ruwa ke sauka, a cika da tsakuwa.

Shinge tsayinsa santimita 90, tsakanin sanduna ƙasa da santimita 10 don kan yaro kada ya shiga. In daɓen ya ɗara santimita 60 daga ƙasa, shinge ya zama dole. Mai son ragar sauro, zagayayya ta fi karɓarta, domin tazarar ginshiƙanta gajera ce, kowane gefe firam ɗaya, ƙofa ɗaya. Doguwa sai an ƙara mata tsaye-tsaye a tsakani.

Katako mai magani a bar shi ya bushe kafin fenti. Ɗiga masa ruwa: in ya tsotse, ya shirya, in ya tsaya ƙwaya-ƙwaya a jira. Shafi biyu, a fi ba bakin yanka da gindin ginshiƙi. Bayan wata shida a zagaya da sifana a ƙara matse kowane noti, domin katako ya motse ya bar su sako-sako, a kuma duba gindin ginshiƙai ko gara ta fara gina hanyarta ta ƙasa a jikin takalmin ƙarfe.